Gubar Marasa Gata: Tarihin Arsenik a Fagen Fama da Dandalin Wasa

A ƙarshen watan Mayun 1914 wani dattijo mai suna Franklin Andrews ya wayi gari garau a Windsor, wani ƙaramin gari a jihar Connecticut ta Amurka. An gan shi da rana yana 'yan aikace-aikace a farfajiyar gidan kula da tsofaffi inda yake zaune. Kafin wani garin ya waye rai ya yi halinsa. Takardar likita ta ce gyambon ciki ne. Da Andrews irin sauran mazauna gidan ne, da magana ta mutu tare da shi, domin akasarinsu tsofaffi ne da ƙarfi ya ƙare, dangi kuma suka yi nisa ko suka shuɗe. Shi kuwa yana da 'yar'uwa, Nellie Pierce. Da kayansa suka zo hannunta sai ta ci karo da takardun da ke nuna mai gidan, Amy Archer-Gilligan, tana matsa masa lamba a kan kuɗi. Ta kai kuka wurin lauyan gwamnati, ya yi wa maganar riƙon sakainar kashi. Ba ta haƙura ba, ta nufi ofishin jaridar Hartford Courant.

'Yan jarida suka zauna ƙirga takardun mutuwa. Cikin kimanin shekara goma daga 1907 da aka buɗe gidan, mutum sittin ne suka mutu a cikinsa, 48 daga ciki tsakanin 1911 da 1916. Tsarin gidan shi ne ko ka riƙa biya mako-mako, ko ka zube dala dubu a tashi ɗaya a riƙe ka har ƙarshen ranka. Wanda ya zube dubun, tsawon ransa asara ne ga mai gida, mutuwarsa kuwa makwanci ne ya samu da za a sayar wa wani. Littafin kantin maganin garin ya nuna matar tana yawan sayen arsenik, wai don ɓeraye. Aka tono gawa biyar, har da ta mijinta na biyu, Michael Gilligan, wanda ya mutu wata uku bayan aurensu. Duk an sami guba a cikinsu. An kama ta a Mayun 1916, a 1917 kotu ta yanke mata hukuncin rataya a kan ran Andrews. Ta ɗaukaka ƙara, a 1919 hukuncin ya koma ɗaurin rai da rai, a 1924 aka kai ta asibitin masu taɓin hankali a Middletown, inda ta zauna har mutuwarta a 1962.

Abin da ta yi amfani da shi tsohon makami ne. Arsenik ma'adini ne da ke cikin ƙasa tun fil azal, shi ne na 33 a jadawalin tushen sinadarai. Ba haɗa shi ake yi ba, saboda haka ba a iya warware shi: ko an ƙona shi, ko an narka shi, siffa kawai yake sakewa. Siffar da masu kisa suka sani ita ce farin gari, wanda ke taruwa a bututun hayaƙi idan ana narka tamar tagulla ko dalma. Ba shi da wari, ba a jin ɗanɗanonsa a miya ko shayi, ɗan abin da za a ɗiba da tsinin wuƙa kuma ya isa ya kwantar da ƙato. Wanda ya ci sai amai da gudawa da murɗar ciki da ƙishirwa, wato alamun kwalara sak, a zamanin da kwalara da gurɓataccen abinci ke kashe mutane kullum. Idan aka riƙa ba mutum kaɗan-kaɗan, sai a ga yana ramewa a ce jinya ce. Ana danganta bayanin yadda ake fitar da wannan gari ga Jabir ibn Hayyan tun ƙarni na takwas. A Italiya ta ƙarni na 17 an riƙa sayar da shi narke cikin 'yan kwalabe da sunan Aqua Tofana, masu saye kuma galibi matan da aure ya zame musu kurkuku. A Faransa an sare kan Madame de Brinvilliers a 1676 saboda ta kashe mahaifinta da 'yan'uwanta maza biyu, kuma mutanen ƙasar suka raɗa wa gubar suna garin gādo, don ta kan gaggauta wa magada rabonsu.

Wanda ya karya lagonta wani ma'aikaci ne a masana'antar makaman sarautar Ingila da ke Woolwich, James Marsh. A 1833 aka kira shi ya ba da shaida a shari'ar wani saurayi, John Bodle, da ake zargi da zuba wa kakansa guba a kofi. Marsh ya yi gwajin da aka sani a lokacin, ya sami ɗan gari rawaya mai nuna akwai arsenik, amma kafin ranar shari'a abin ya lalace, masu yanke hukunci ba su gamsu ba, aka sallami Bodle. Daga baya shi da bakinsa ya amsa laifin. Abin ya tsaya wa Marsh a rai, ya duƙufa har 1836 da ya fito da sabuwar hanya. Za a zuba abin da ake zargi a kan tutiya da ruwan asid. Idan da arsenik sai ya tashi a siffar iska, a kunna wa iskar wuta a kara farantin tangaran mai sanyi, sai baƙin tabo mai sheƙi ya fito wanda ba ya gushewa, alƙali ya gani da idonsa. A 1840 wannan gwaji ya kai Marie Lafarge kurkuku a Faransa kan mutuwar mijinta, bayan an kira babban masanin guba Mathieu Orfila ya sake gwajin da likitocin ƙauye suka ɓata. A 1851 Birtaniya ta kafa dokar da ta tilasta wa mai kanti rubuta sunan duk wanda ya sayi arsenik, a kuma cakuɗa garin da kunkunniya ko shuni don kada ya saje da fulawa ko sukari. Tunda kuma arsenik ba ya ruɓewa, gawar da ta shekara goma a kabari tana iya ba da shaida. Gubar da aka so ta don ba ta barin sawu sai ta zama wadda ta fi kowace barin sawu, in dai an sami mai cewa a tono.

Ilimin da ya ƙwace gubar daga hannun mai kisan cikin gida shi ne ya miƙa ta ga janar-janar. Tun 1760 wani Bafaranshe, Cadet de Gassicourt, ya haɗa wani ruwa na arsenik mai mugun wari da ke kama wuta da kansa in ya sha iska, kuma binciken wannan ruwan ne ya ci wa Robert Bunsen na Jamus ido ɗaya. A 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, masanin sinadarai Lyon Playfair ya ba gwamnatin Birtaniya shawarar a cika harsasan igwa da wani ɗan'uwan wannan ruwa a harba wa Rashawa. Hukumar makamai ta ƙi, ta ce wannan daidai yake da zuba guba a rijiyar abokin gaba. Playfair ya ce bai ga bambancin shaƙe mutum da yayyaga shi da narkakken ƙarfe ba. Wannan hujja tasa ita ce kusan duk wanda ya ƙera makami mai guba bayansa ya maimaita.

Shekara sittin bayan haka kunyar ta kau. A ranar 22 ga Afrilun 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, Jamusawa suka saki iskar kulorin a Ypres ta Beljiyam, kuma cikin waɗanda ta fara turnuƙewa har da sojojin Aljeriya da ke yi wa Faransa yaƙi. Nan da nan kowane ɓangare ya ƙera takunkumin fuska mai tace iska da gawayi, sai aka shiga tsere tsakanin guba da takunkumi. A nan arsenik ya shigo. A Yulin 1917 Jamus ta fara harba wasu harsasan igwa masu alamar shuɗin kuros a gaɓar Flanders. Abin da ke cikinsu ba iska ba ce, ƙura ce mai laushi ta haɗin arsenik, wadda ke ratsa gawayin takunkumi. Ba don ta kashe aka yi ta ba. Aikinta ta sa soja atishawa da tari da amai da ciwon kai mai tsanani har ya kasa jurewa ya fizge takunkumin, a daidai lokacin da harsasai masu koren kuros, masu ɗauke da fosjin mai kisa, ke sauka a wuri ɗaya. Jamusawa sun cika miliyoyin irin waɗannan harsasai. Sa'ar da sojojin ƙawance suka ci ita ce fashewar harsashin ba ta cika niƙa ƙurar yadda ake so ba. Duk da haka wanda ya zauna ya tsara yadda mutum zai cire kariyarsa da hannunsa don ya shaƙi ajalinsa, ya yi nisa cikin rashin imani fiye da duk wata mata da ta taɓa juya cokali a kofin miji.

Amurka ta shiga yaƙin a Afrilun 1917, 'yan watanni kafin a yanke wa Amy Archer-Gilligan hukuncin rataya, ta kuma tara masana sinadarai a birnin Washington. Wani rukuni a Jami'ar Katolika yana ƙarƙashin Kyaftin Winford Lee Lewis, malami daga Jami'ar Northwestern, an ɗora masa neman guba daga arsenik. Wani tsohon malamin jami'ar ya tuna masa da kundin digirin wani ɗalibinsa, Fada Julius Nieuwland, wanda aka kammala a 1904. Nieuwland yana binciken iskar asitilin ne, irin wadda masu walda ke amfani da ita, ya haɗa ta da wani ruwan arsenik, hayaƙin da ya tashi ya kwantar da shi a asibiti kwanaki. Ya rubuta abin da ya faru a taƙaice ya bar shi, ya koma wasu bincike da daga baya suka kai ga robar roba ta neoprene. Lewis ya ɗauko wannan shafi da aka manta, ya tace ruwan, aka sa masa sunansa: luwisait.

Ruwa ne mai maiƙo, mai ƙamshin furen jeraniyam. Iskar mastad, wadda Jamus ta fara amfani da ita a 1917, takan yi sa'o'i kafin mutum ya san ta taɓa shi. Luwisait kuwa yana taɓa fata sai raɗaɗi, sannan bororo ya tashi. Yana ratsa tufafi da roba, in ya shiga ido zai iya makantarwa, in ya shiga jini ta fata sai ƙananan jijiyoyi su riƙa yoyo har jini ya faɗi. Gwamnati ta karɓe wata masana'antar motoci da ta durƙushe a Willoughby, kusa da Cleveland a jihar Ohio, ta kewaye ta da waya, ta damƙa ta ga wani matashin masani daga Harvard mai shekara 25, James Conant. Sojojin da aka kai aiki can ba a barinsu fita, ana kuma tace wasiƙunsu, har suka sa wa wurin suna tarkon ɓera. An tsara za a yi amfani da gubar a farmakin 1919. Sai aka tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamban 1918. Abin da aka riga aka haɗa aka ɗura a ganguna, aka kai bakin teku a jirgin ƙasa, aka zubar a Atlantika. Janar Amos Fries, shugaban rundunar yaƙi da guba, ya riƙa kiransa raɓar mutuwa, yana kwatanta yadda za a yayyafa shi daga jirgin sama. Lewis ya ci gaba da kare aikinsa har mutuwarsa a 1943, yana cewa guba ta fi harsashi sauƙi ga ɗan Adam. Conant ya zama shugaban Jami'ar Harvard a 1933, daga baya kuma yana cikin manyan da suka sa ido a kan ƙera bam ɗin nukiliya.

A ƙasa ɗaya, a shekaru biyu masu bin juna, an yanke wa mace hukuncin kisa don ta sayi arsenik a kantin magani, an kuma ƙara wa maza girma don sun haɗa shi tan-tan. Ba ina rage mata laifi ba ne. Ta ci amanar mutanen da suka miƙa mata ragowar ransu da ɗan abin da suka tara. Abin da ke damuna shi ne yadda yawa da hatimin hukuma ke sauya wa abu ɗaya suna.

Bayan yaƙin, Turawa sun tsorata da abin da suka yi wa juna, suka sa hannu a Yarjejeniyar Geneva ta 1925 mai hana amfani da guba a yaƙi. Daga nan gubar ta koma sauka a kan waɗanda ba za su iya ramawa ba. Tun kafin yarjejeniyar, a 1919, jiragen Birtaniya sun jefa tukwanen hayaƙin adamsait, wani haɗin arsenik mai sa amai, a kan 'yan Bolshebik a kudancin Arkhangelsk, da amincewar Winston Churchill, ministan yaƙi a lokacin. Italiya, wadda ta amince da yarjejeniyar a 1928, ta yi wa Habasha ruwan mastad daga sama a 1935 da 1936, a kan mayaƙa da ƙauyuka da dabbobi da rafuka, a yaƙin Amba Aradam na Fabrairun 1936 kuma igwoyin Marshal Badoglio sun harba harsasan arsenik a kan dakarun Ras Mulugeta, mutanen da ba su da takunkumi, da yawansu ko takalmi babu. Sarki Haile Selassie ya je Geneva da kansa a ƙarshen Yunin shekarar ya faɗa wa Majalisar Ƙasashe abin da ake yi wa mutanensa. Aka saurare shi, bayan 'yan kwanaki aka ɗage wa Italiya takunkumin tattalin arziki. Sai a 1996 gwamnatin Italiya ta amsa a hukumance cewa an yi amfani da gubar, bayan masanin tarihi Angelo Del Boca ya shekara talatin yana shan zagi a kan maganar.

Japan kuwa ta share wani ɗan tsibiri, Okunoshima, daga taswirorinta, ta kafa masana'anta a kansa a 1929. An haɗa fiye da tan dubu shida na guba a can, ciki har da luwisait da wata gubar atishawa ta arsenik da ake ɗurawa a gwangwanaye masu jan zane. A ƙasar Sin aka ƙarar da su, a Wuhan a 1938 da wurare da yawa bayanta. Ma'aikatan tsibirin, har da 'yan makaranta da aka kai aikin dole, da yawansu sun ƙare da ciwon huhu da sankara. Da aka zo shari'ar manyan Japan a Tokyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ba a hukunta kowa a kan guba ba.

A tsakiyar wannan zamani ne, ranar 10 ga Janairun 1941, aka buɗe wani wasan kwaikwayo a gidan wasa na Fulton da ke Broadway a New York. Sunansa Arsenic and Old Lace, wato arsenik da tsohon leshi, marubucinsa Joseph Kesselring. An ce ya fara rubuta shi da nauyi, masu shirya shi Howard Lindsay da Russel Crouse suka juya shi ya zama barkwanci zalla. Labarin wasu tsofaffin mata biyu ne 'yan'uwan juna, Abby da Martha Brewster, a wani tsohon gida a Brooklyn, waɗanda unguwa ta shaida da kirki: su ne kai wa marar lafiya romo, su ne tara wa yara kayan wasa. Suna da ɗakin haya. Idan tsoho ya zo nema sai su zaunar da shi su tambaye shi ko yana da iyali. In ya ce ba shi da kowa, sai su ba shi giyar da suke haɗawa da hannunsu, wadda suka sa wa arsenik da wasu gubobi biyu, suna ganin jinƙai suka yi masa, sun raba shi da kaɗaici. Ɗan ɗan'uwansu Teddy, wanda ya ɗauka shi ne Shugaba Theodore Roosevelt, shi ke haƙa kaburbura a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, a zatonsa mashigin ruwan Panama yake haƙawa, mamatan kuma zazzaɓin shawara ne ya kashe su. Ƙaninsa Mortimer, mai sharhin wasanni a jarida, shi ne ya buɗe akwatin zama na gindin taga ya ga gawa, ya kuma gano cewa gwaggonninsa sun kai sha biyu. Ana cikin haka sai ga ɗan'uwansu na uku, Jonathan, ɗan ta'adda da wani likita mashayi ya yi wa aikin fuska ya mayar da shi kamannin Boris Karloff, shahararren dodon finafinai, kuma Karloff ɗin ne da kansa ya fito a matsayin. Takaicin Jonathan shi ne ya zaga duniya yana kisa, ga tsofaffi biyu suna zaune a gida sun kamo shi a lissafi.

An yi wasan sau 1,444 a New York kafin a rufe a 1944. A Landan an buɗe shi a Disambar 1942, aka yi sau 1,337, a birnin da bama-bamai suka ragargaza, a ƙasar da ta raba wa jama'arta takunkumin guba kusan miliyan 38 tun 1938. Frank Capra ya ɗauki fim ɗinsa da Cary Grant a ƙarshen 1941. Ana cikin ɗauka Japan ta kai hari Pearl Harbor, Capra na gamawa ya sa kaki. An riƙe fim ɗin sai 1944 bayan wasan dandali ya sauka. Mutane da yawa na kyautata zaton labarin gidan Windsor ne tushen wasan, ita kuwa Amy tana raye a Middletown duk tsawon waɗannan shekaru.

Ban ga laifin waɗanda suka yi dariyar ba. Mutumin da ɗansa ke fagen fama, wanda ke kwana da tsoron abin da zai sauko daga sama, yana bukatar awa biyu da mutuwa za ta ƙanƙance ta koma kofi a hannun gwaggo, ta zama abin da ke ƙarewa in an saki labule. Gwajin Marsh ma ya taimaka: kafin 1941 arsenik ya zama gubar kakanni, ta tsufa har ana iya wasa da ita. Amma dariyar tana tsaye ne a kan tambayar nan da matan ke yi kafin su zuba giyar. Mamata sha biyun ba su da uwa ba su da ɗa, mai kallo bai taɓa jin muryarsu ba, babu mai ƙwanƙwasa ƙofa yana cigiyarsu. Da marubucin ya shigo da mace ɗaya irin Nellie Pierce, riƙe da wasiƙun ɗan'uwanta, da wasan ya tashi daga barkwanci. Marubucin ya san haka, kamar yadda Amy ta sani, kamar yadda Badoglio ya sani.

Yayin da ake cika kujeru a Broadway, masana'antun sojan Amurka a Arkansas da Alabama da Colorado sun haɗa kimanin tan dubu ashirin na luwisait, sannan aka dakatar, don an gano danshi na lalata shi kuma raɗaɗinsa na gaggawa na sa soja ya kare kansa da wuri. An gane haka ne a jikin mutane. Kimanin sojojin Amurka dubu sittin aka yi gwajin mastad da luwisait a kansu, wasu dubbai a cikin rufaffun ɗakuna, aka rantsar da su kada su faɗa wa kowa, ko da likita. Da yawa sun riƙe rantsuwar shekara arba'in suna fama da huhu da ido da fata, sai a farkon shekarun 1990 gwamnati ta amsa.

Alheri ɗaya da ya fito daga wannan tsoro an same shi a Oxford. Rudolph Peters, wanda ya yi aikin likitan soja a yaƙin farko, ya fahimci yadda arsenik ke kisa: yana manne wa farar wuta da ke jikin wasu sinadaran da ƙwayoyin jiki ke juya abinci ya zama ƙarfi da su, sai aikin ya tsaya cak. Shi da Lloyd Stocken da Robert Thompson suka ce to a ba gubar wata farar wutar da za ta fi so. A 1940 suka haɗa wani ruwa mai hannu biyu na farar wuta, wanda ke cafke arsenik kamar awartakin maƙeri ya fitar da shi ta fitsari. Aka sa masa suna BAL, wato makarin luwisait na Birtaniya, aka ɓoye sirrinsa har 1945. Allura ce mai zafi da wari, a cikin man gyaɗa ake narka ta. Ba a taɓa bukatarta a fagen fama a Turai ba, amma ta zama maganin farko na gubar arsenik da zaiba da zinari da dalma a asibitoci.

Ta nan labarin ya iso ƙasarmu. Tun kafin wannan, arsenik ya daɗe yana aikin magani: da shi Paul Ehrlich da Sahachiro Hata suka fito da Salvarsan na tunjere a 1910, da shi kuma aka haɗa tiraifasamaid, allurar da ma'aikatan ciwon barci suka yi ta yi wa jama'a a Arewacin Nijeriya a shekarun 1930, zamanin da tsando ya addabi ƙasar Zazzau har aka tashi mutanen Anchau aka gina Takalafiya. Tana warkarwa, tana kuma makantar da wasu. A 1949 wani likita ɗan Suwizalan, Ernst Friedheim, ya ɗaure arsenik da BAL a ƙwaya ɗaya don rage dafinsa, ya sami melasofurol, maganin da ke kaiwa ga ciwon barci bayan ya shiga ƙwaƙwalwa. Ya ceci dubban rayuka, amma yana kashe kusan mutum ɗaya cikin ashirin da aka yi wa, kuma an shafe kimanin shekara arba'in ana ɗura shi a jijiyar talakawan Afirka ba a nemo wani ba, saboda masu ciwon ba masu sayen magani ba ne. Sannan a 2010, da gubar dalma daga niƙan duwatsun zinari ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, ƙwayar da likitocin ƙungiyar MSF suka riƙa ba yaran da suka rage, DMSA, jikar BAL ce, mai hannu biyun nan na farar wuta, sai dai ita haɗiya ake yi.

Saura abin da aka bari a ƙasa. A 1928 an tara harsasan guba na Jamus kimanin dubu ɗari biyu a wani daji kusa da Verdun aka cinna musu wuta. Wuta ta ci abin da za ta iya ci, arsenik ya zauna. Har yau filin a ƙone yake, a wasu wuraren kusan kashi 17 cikin ɗari na nauyin ƙasar arsenik ne, ban da gansakuka da 'yan ciyayi ƙalilan babu abin da ke tsira. A Washington, filin gwajin sojoji na 1918 ya zama Spring Valley, unguwar attajirai da jakadu. A Janairun 1993 masu haƙa ramin bututu suka ci karo da harsasai, aka kwashe mutane, aka fara aikin da ya ci kusan shekara talatin da ɗaruruwan miliyoyin dala, ana kankare ƙasar gidaje, har da ta filin wasan wata makarantar renon yara. Mazauna wannan unguwa suna da lauyoyi da 'yan majalisa. A arewa maso gabashin Sin manoma da leburori ne ke tono nasu rabon da fartanya da shebur: a Qiqihar a Agustan 2003 ganguna biyar da sojan Japan suka bari sun kashe mutum ɗaya, suka ƙona fiye da arba'in, ciki har da yara. A Haerbaling ta lardin Jilin an ƙiyasta harsasai dubu ɗari uku zuwa ɗari huɗu ne a binne. Japan ta ɗauki nauyin lalata su, an kuma sha ɗage wa'adin gamawa.

Yarjejeniyar haramta makamai masu guba ta fara aiki a 1997. A ƙarƙashinta Rasha ta lalata fiye da tan dubu shida na luwisait da ta tara a garin Kambarka, ta sanar da gama nata rumbun a 2017, Amurka ta gama nata a Yulin 2023. Babban aiki ne, kuma ya cancanci yabo. Sai dai yarjejeniyar ba ta tilasta wa kowace ƙasa ta tono abin da ta binne kafin 1977 ba, ko ta tsamo abin da ta zubar a teku kafin 1985. Gangunan Willoughby, da dubban tan na luwisait da Amurka ta nutsar a Atlantika a 1948, da harsasan arsenik na Jamus da aka jibge a tekun Baltik kusa da tsibirin Bornholm inda masunta ke jan koma, duk ba sa cikin wannan lissafi, kuma ƙarfen da ke riƙe da su yana ta tsatsa.